Adafta Ba Ta Sauya Wuta: Sharhi Kan Jona Motoci da Rumfuna a Lantarkin Aro a Ƙasar Yauri

Babu rumfar kayan wuta a Yelwa, ko Wara, ko Shanga da za a leƙa a rasa adafta rataye a ƙusa. 'Yar ƙaramar aba ce mai araha, amma jama'a sun ɗora mata nauyin da ba nata ba. Da yawa sun ɗauka cewa da zarar filogi ya shiga rami, fitila ta kama, to haɗi ya yi. Wasu kuma suna ganin ita ce ke daidaita wutar Najeriya da kayan da aka shigo da su daga Amurka ko Turai. Sai ranar da firiza ta ƙone, ko rumfa ta kama, ko ƙofar mota ta fara jan duk wanda ya taɓa ta, sannan a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi tsakanin kamfanin rarraba wuta, da mai janareta, da yaron da ya yi haɗin.

A Turai da Amurka akwai miliyoyin masu motar tafi-da-gidanka, wato babbar mota mai gado da ɗakin girki da firiji da banɗaki a ciki. Idan dare ya yi sai su sauka a zangon matafiya, su jona motar a turken wuta na wurin. Sun daɗe da cin karo da wannan matsala, har suka kafa mata ƙa'ida. Irin wannan mota ba kasafai ake ganinta a hanyar Kontagora zuwa Yelwa ba, amma danginta suna nan birjik: motar asibiti mai zagaya ƙauyuka, motar ɗaukar kifi mai na'urar sanyi, motar wa'azi da ta 'yan siyasa mai lasifikoki, kwantenar da aka mayar shago, da rumfunan da ake kafawa a bakin ruwa lokacin bikin tseren jiragen ruwa na Rigata. Dukkansu baƙi ne da ke aron wuta a inda suka sauka, kuma kusan dukkansu ta adafta suke karɓa.

Kalmomin da ya kamata a sani

A jikin kowane kayan lantarki akwai 'yar takarda ko tambari mai lambobi da haruffa. Harafin V shi ne bolt, wato ƙarfin turin wuta. A ƙa'ida wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, ko da yake za a ga an rubuta 220 ko 240 a wasu kayan. Harafin A shi ne amfiya, wato yawan wutar da ke gudana a cikin waya. Harafin W shi ne wat, wato aikin da wutar ke yi, kuma ana samunsa ne idan aka ninka bolt da amfiya. Sai Hz, wanda ke nuna sau nawa wuta ke kai da komo a daƙiƙa guda. Tamu 50 ce, ta Amurka da Saudiyya 60.

Manomin albasa da ke ban-ruwa da inji zai fi kowa saurin ganewa. Bolt shi ne ƙarfin da inji ke tura ruwa da shi, amfiya yawan ruwan da ke bi ta tiyo, adafta kuwa ita ce 'yar mahaɗar da ke haɗa tiyo mai inci uku da mai inci biyu. Mahaɗar ba ta sauya injin, ba ta kuma ƙara wa siririn tiyo ƙwari.

Filogi shi ne kan waya mai ƙafafu, soket kuma ramin da ake sokawa. Adafta tana haɗa filogi da soket ɗin da ba nasa ba, kuma a cikinta babu komai sai 'yan ƙarafa, wani lokaci da fiyus. Abin da ke rage bolt daga 230 zuwa 110 ko 120 shi ne taransifoma mai rage wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira sitef-dawun, kuma nauyinta a hannu kaɗai ya isa ya bambanta ta da adafta. Sitabilaiza aikinta ɗaga wuta idan ta yi ƙasa da sauke ta idan ta yi sama. Fiyus da bireka suna yanke wuta idan amfiya ta wuce kima, don kada waya ta yi zafi ta kama. Waya suke karewa, ba mutum ba. Masu kare mutum su ne wayar ƙasa, wadda masu gyaran wuta ke kira at, da na'urar gano yoyon wuta da ake kira RCD, wadda ke yankewa nan take idan wuta ta fara bin hanyar da ba tata ba.

Yadda masu motar tafi-da-gidanka suka tsara abin

A Turai, turken zango yana da soket shuɗi mai rami uku, mai murfi da ke hana ruwa shiga, wanda aka ƙera don amfiya 16. Launin ba ado ba ne. A tsarin duniya na irin waɗannan soket, rawaya na bolt 110 ne, shuɗi na 230, ja kuma na wuta mai layi uku wadda ke kaiwa bolt 400 zuwa 415. An kuma tsara ƙafafunsu yadda filogin shuɗi ba zai shiga soket ja ba. A Ingila wayar da aka saba amfani da ita tsawonta mita 25 ne, kaurin jan ƙarfenta milimita 2.5, launin ruwan lemo don kada a taka ta a ciyawa, kuma kowane soket yana da birekarsa da RCD ɗinsa.

Abin lura shi ne ba kowane zango ke bayar da cikakkiyar amfiya 16 ba. Wani 10 yake bayarwa, wani 6. Mai mota yana tambaya tun a ƙofa, sannan ya yi lissafi: amfiya 16 wat 3,680 ce, amfiya 10 wat 2,300, amfiya 6 kuwa wat 1,380, wadda butar lantarki guda za ta iya cinyewa har ta kayar da bireka.

A Amurka motocin iri biyu ne. Akwai mai amfiya 30 a bolt 120, wato wat 3,600, akwai mai amfiya 50 mai layi biyu, wadda ke kaiwa wat 12,000. Soket ɗin gida kuma amfiya 15 ne, wat 1,800. Suna da gajerun adafta masu kauri na haɗa kowanne da kowanne, amma duk mai mota ya san cewa idan ya jona motar wat 12,000 a soket ɗin gida, wat 1,800 ya samu. Wani kuskure da ke yi musu ɓarna shi ne soket ɗin amfiya 30 ya yi kama da wani tsohon soket na injin busar da kaya mai bolt 240. Mai gyaran wutar da bai sani ba yakan haɗa shi da 240, sai duk kayan da ke cikin motar su ƙone lokaci guda, alhali filogin ya shiga daidai.

Mu da muke gindin Kainji

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Injina takwas aka kafa, masu ƙarfin megawat 760. Tafkin da ya taru ya miƙo har kusa da Yelwa, ya cinye tsibirai da garuruwa, aka tashi mutane kusan 44,000, cikinsu har da Gungawa masu yawa na masarautar Yauri. Babban layin wuta ya tashi daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, daga can wani ya haura Yamai. Duk da haka akwai ƙauyukan gaɓar tafkin da turakun wuta ba su kai gare su ba, inda suka kai kuma ba kullum ake samu ba. Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a Jihar Kebbi, tare da Kaduna da Sakkwato da Zamfara.

Abin da wannan ya haifar shi ne wuta kala-kala a gari guda: ta layi, ta ƙaramin janareta, ta babban injin dizal na mai niƙa ko mai walda, ta sola da inbata. Motar da ta kwana a Yelwa a wutar layi za ta iya wayar gari a kasuwar Wara tana aro daga injin mai ƙanƙara. Mai motar Turai daga turke ɗaya yake zuwa wani irinsa, namu kuwa kowace sauka da irin wutar da zai tarar, kuma babu allon da ya rubuta masa amfiya nawa ce.

Inda ruɗanin ya samo asali

Laifi na farko na cajar waya ne. Kusan kowace caja ta waya ko ta kwamfuta an rubuta mata 100-240V da 50/60Hz, wato tana karɓar wutar kowace ƙasa, ita ke daidaita kanta. Mutum ya sa adafta, caja ta yi aiki, sai ya yanke cewa adaftar ce ta yi gyaran. Daga nan ya ɗauki firiza ko injin markaɗe da aka rubuta wa 120V ya yi masa haka.

Na biyu shi ne tarin filogi a kasuwa. Mun gaji tsarin Ingila: filogi mai ƙafa uku masu kusurwa, na amfiya 13, mai fiyus a ciki, wanda aka fito da shi a 1947, da kuma tsohon mai ƙafa uku zagayayyu na amfiya 5 da 15, wanda har yanzu ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki. Kayan Kwatano da na Jamhuriyar Nijar suna zuwa da ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa da Jamus. Na Amurka ƙafafunsu falale ne. Na Sin kowane iri akwai. Adaftar da ake kira mai karɓar kowa an yi ta ne don ta haɗiye duka, kuma saboda ramukanta sun yi wa kowane filogi faɗi, babu wanda take riƙewa gam.

Na uku launin waya ne. A haɗin da aka saba da shi a nan, ja ce mai wuta, baƙa ce ta komawa, wato nutural, kore kuma ta ƙasa. A sabon tsarin Turai, ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ta komawa. A Amurka kuwa baƙa ce mai wuta, fara ta komawa. Yaron da ya yanke filogin motar asibiti da aka kawo daga Amurka, ya haɗa baƙa da baƙa bisa abin da ya koya a wurin maigidansa, ya juya haɗin ke nan. Sau da yawa kayan za su yi aiki a haka, amma fiyus da makunni sun koma kan wayar komawa, saboda haka ko an kashe, cikin na'urar yana ɗauke da wuta.

Abin da adafta ba ta iyawa

Maganar bolt gajera ce. Kayan ɗumama da aka yi don bolt 120, idan aka ba shi 230, zafin da zai fitar ya kusa ninki huɗu, kuma ba ya daɗewa. Sitef-dawun tana magance wannan, muddin wat ɗinta ya ɗara na kayan. Amma ba ta sauya Hz. Injin da aka yi don 60 kawai zai yi gudu ƙasa da nasa da kusan kashi ɗaya cikin shida a wutarmu, ya kuma riƙa ɗumi. Alhazai masu sayo kaya a Saudiyya su riƙa duba wannan lamba, domin filogin can yakan shiga soket ɗinmu ba tare da gardama ba.

Maganar amfiya ce ke da tsawo, kuma a nan gobara take. Soket ɗin amfiya 13 iyakarsa wat 2,990. A ɗauki misalin motar asibiti mai na'urar sanyi ta wat 1,200, da firijin allurai na wat 150, sai wani ya kunna butar lantarki ta wat 2,000. Jimilla 3,350, an wuce. Idan filogin na ƙwarai ne, fiyus zai yi ta ɗumi, ya kuma yanke idan wutar ta ƙara yawa. To amma adafta mai karɓar kowa yawanci ba ta da fiyus, kuma inda yake akwai, an saba maye gurbinsa da silin waya ko takardar sigari mai ƙyalli. Abin da ya rage shi ne birekar gidan da aka ari wutar, wadda a tsarin Ingila takan kai amfiya 30 ko 32. Ita ba za ta motsa ba, domin a wurinta amfiya 15 ba komai ba ce. Adaftar da ba ta iya ɗaukar ko 10 ita ce za ta narke.

Ƙa'idar a nan ita ce haɗi ba ya fin mafi rauninsa ƙarfi, kuma tilas abin da ke yanke wuta ya kasance daidai da wannan mai raunin. Shi ya sa saukowa daga babban soket zuwa siririyar waya ya fi hawa haɗari. Mai babbar mota da ya jona a ƙaramin soket mai fiyus, wuta ce kawai za ta riƙa yanke masa. Mai rumfar shayi da ya jawo siririyar waya daga soket ɗin injin walda ba shi da abin da zai yanke masa komai.

Zafin waya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da amfiya. Idan amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Kuma yana taruwa ne a inda haɗi ya yi sako-sako, wato daidai bakin adafta. Duk baƙin tabo a gefen ramin soket, ko warin roba, ko filogin da ba ya taɓuwa don zafi, shaida ce cewa an riga an wuce gona da iri.

Ƙarancin wuta yana ƙara dagula lissafin, kuma wannan ne mutane suka fi kasa yarda da shi. Ana ganin idan wuta ta yi ƙasa, ai waya ta huta. Ga hita haka ne, amma ga kwamfiresar firiza da duk abin da ke bayan sitabilaiza akasin haka ne. Kayan wat 2,000 suna jan ƙasa da amfiya 9 a bolt 230. Idan wuta ta faɗi zuwa 160, sitabilaiza za ta ja sama da amfiya 12 ta cikin adaftar nan don ta cike giɓin. Tsawon waya ma yana cin bolt. Jan ƙarfe mai kaurin milimita 1.5, tsawon mita 50, ɗauke da amfiya 13, yana zubar da kusan bolt 19 a hanya, mai 2.5 kuma kusan 12. Wannan idan jan ƙarfen gaske ne. Akwai wayar sanholo da aka yi wa rufin jan ƙarfe, kuma sanholo bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba. Wayar da aka bari a naɗe a kan gargarenta kuma zafinta ba ya samun mafita, don haka a warware ta duka ko da wurin kusa ne.

Jikin mota da bakin ruwa

Gida yana zaune a ƙasa, mota kuwa tana kan tayoyin roba. Idan waya ta goge a cikin mota ta taɓa ƙarfe, wutar ba ta da hanyar sauka sai ta wayar ƙasa da ke cikin igiyar jonawa. Idan wayar tana nan, wuta za ta bi ta da ƙarfi, fiyus ko bireka ya yanke. Idan babu, jikin motar gaba ɗaya ya zama waya mai wuta, yana jiran wanda zai kama ƙofa ƙafarsa a ƙasa. Kwantenar da aka ɗora a kan katako ko taya haka take.

Hanyoyin da ake rasa wayar ƙasa sanannu ne. Ana karya ƙafa ta uku don filogi ya shiga ekstenshin. Ana tura tsinke a ramin sama don a buɗe ƙofar soket a soka mai ƙafa biyu. Filogin Jamus a gefensa ƙarfen ƙasa yake, don haka idan ya shiga adafta mai karɓar kowa babu abin da ke taɓa shi. Ekstenshin da yawa rami uku gare su a fuska, waya biyu a ciki. Wani lokaci kuma gidan da aka ari wutar ne ba a taɓa kafa masa sandar ƙasa ba.

Wutar da ke kisa ba ta da yawa. Kashi 10 zuwa 20 cikin 1,000 na amfiya guda ya isa ya ƙanƙame hannu mutum ya kasa saki, kashi 50 zuwa 100 kuma yana iya rikita bugun zuciya. Fiyus na amfiya 13 ba zai ma ji wannan ba. RCD kuwa an saita ta ta yanke a kashi 30 cikin 1,000, cikin ƙasa da daƙiƙa.

A gaɓar Kainji abin ya fi tsanani. Mashigin jiragen ruwa wuri ne na laka da ƙafa ba takalmi, da hannun da ya jiƙe da ruwan tarwaɗa da karfasa, kuma jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare wuta kamar busasshiya. Akwai kuma abin da masu tashoshin jiragen shaƙatawa a tafkunan Amurka suka gano bayan asarar rayuka: yoyon wuta ya fi kashe mai iyo a ruwan daɗi fiye da ruwan gishiri. Dalili shi ne jikin mutum ya fi ruwan daɗi ɗaukar wuta, sai ta zaɓi bi ta jikinsa, gaɓoɓinsa su sandare, ya nutse ba tare da ƙuna ko tabo ba. Tafkin Kainji ruwan daɗi ne. Ekstenshin da aka jefa a laka don cajin batirin jirgi, ko famfon da aka tsoma ba wayar ƙasa, haɗari ne ga yaran da ke wanka a gefe, kuma idan abin ya faru za a ce ruwa ne ya ci su.

Janareta da waya mai kai biyu

Ƙaramin janaretan da ya cika gari bai kai wat 1,000 ba, kuma kwamfiresa tana jan ninki uku ko fiye na wutarta a lokacin tashi. Babu adaftar da za ta cike wannan. Haka kuma a ƙananan janareta da yawa ba a haɗa wayar komawa da ta ƙasa ba, saboda haka ko an sa RCD ba lallai ta yi aiki yadda ake zato ba sai ƙwararre ya duba haɗin. Babban inji mai layi uku kuma, idan aka ɗauko layi biyu masu wuta a maimakon layi ɗaya da nutural, bolt 400 za a kai wa kayan 230.

Mafi munin duka ita ce waya mai filogi a kai biyu, wadda ake sokawa a janareta da soket ɗin bango don a ba gida ko mota wuta. Kan da ke hannu ƙafafunsa tsirara ne masu wuta. Idan kuma ba a raba gidan da layi ba, wutar tana komawa turke, taransifomar unguwa ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta sami ma'aikacin da ya hau yana da yaƙinin an kashe layin. Maganinta cenjoba, wato makunnin da ke zaɓar layi ko janareta, ba ya barin su haɗu.

Ra'ayoyin da ake ji

Masu sana'a da yawa suna cewa sun shekara suna haka ba abin da ya faru. Gaskiya ne ga mai cajin waya da ƙwan fitila, domin kayansa ba su kai amfiya biyu ko uku ba. Amma hujjar tana rushewa ranar da aka ƙaro firiza a kan haɗin nan.

Wasu masu gyaran wuta suna ganin a daina adafta kwata-kwata, a yanke filogi a murɗa waya kai tsaye. Ga kayan da ke zaune wuri guda, sauya filogin da namu mai fiyus shi ne daidai. Amma murɗa waya da naɗa leda ya fi adafta muni, kuma motar da ke yawo ba za ta rabu da buƙatar jonawa da cirewa ba.

Akwai masu ɗora laifin duka a kan ƙarancin wutar layi, akwai masu ɗora shi a kan jabun kaya da ke shigowa duk da aikin hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Kowanne yana da rabonsa na gaskiya, sai dai adafta ta ƙwarai ma ba ta mayar da bolt 230 ya zama 120, ba ta kuma ƙirƙiro wayar ƙasa inda babu. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsada: soket shuɗi da RCD da jan ƙarfe mai kauri sun fi ƙarfin mai rumfar shayi. Amsar ita ce bai kamata nauyin ya hau kansa shi kaɗai ba. A Turai ma mai zango ne ke kafa turke, baƙo waya kawai yake kawowa. Wanda ke sayar da wuta ga rumfuna ashirin a kasuwa yana karɓar kuɗi kullum, shi ya kamata ya kafa akwati mai bireka ga kowane layi da RCD da sandar ƙasa.

Abin da ke tafe

Buƙatar za ta ƙaru. Ƙananan tashoshin sola na gari suna yaɗuwa a karkara, ɗakunan sanyi na kifi suna shigowa, babura da kekuna masu batir sun fara bayyana a biranen Arewa. Cajin abin hawa ya bambanta da butar shayi, domin yana jan wuta mai yawa awa da awanni ba hutu. A Ingila ma cajar mota da ake sokawa a soket ɗin gida an taƙaita ta a amfiya 10, duk da soket ɗin na 13 ne, saboda zafi. Adaftar kasuwa ba za ta jure wannan ba.

Hukumomin da abin ya shafa suna nan. NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke duba haɗin wuta da ba masu haɗawa shaidar ƙwarewa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Akwai kuma hukumar N-HYPPADEC ta raya yankunan madatsun ruwa, wadda Kebbi ke cikinta. Kafa turakun jonawa masu soket shuɗi, da lambar amfiya rubuce a jiki, a tashar mota da kasuwar kifi da mashigin jirage da filin Rigata, ƙaramin aiki ne idan aka kwatanta da gina titi, kuma ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga za su iya sanya shi sharaɗi ga duk mai sayar da wuta a kasuwa.

Kafin a kai can, mai mota ko rumfa ya karanta tambarin kayansa, ya haɗa jimillar wat, ya tambayi mai wuta amfiya nawa zai ba shi. Ya mallaki wayarsa mai sili uku ta jan ƙarfe milimita 2.5, da adafta guda ɗaya mai fiyus da wayar ƙasa, kada ya ɗora wata a kanta. Ya fara soka waya a mota kafin ya soka a wuta, in zai cire ya fara da ɓangaren wuta. Idan jikin mota ya ja shi ko kaɗan, ya cire haɗin nan take, ya kira mai gyara, kuma kada ya bari a jona komai a bakin ruwa in babu RCD.